Rigar Isuhu Ɗan Ilu

Kwanan baya wani saurayi cikin masu ɗaukar wasan barkwanci a waya ya zo rumfata da sabon yadi a leda, da reza a hannu. Wai in ɗinka masa riga, in na gama in yayyaga ta, domin zai fito a talakan baƙo da ya shigo gari. Na dubi yadin, na dubi rezar, na ce ya zauna a benci mu yi magana. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, Baba Tela, sauri yake yi. Ya ɗauki ledarsa ya tafi neman wanda zai yaga masa. To abin da na so in gaya masa shi zan faɗa a nan, ko wani cikinku masu wasa a waya zai tsaya ya ji.

Ni tela ne. A Gummi aka haife ni, a nan na koyi ɗinki, amma rabin aikin rayuwata ban yi shi kan kayan salla da na angwaye ba. Na yi shi ne ina yi wa 'yan wasan kwaikwayo sutura. Na ɗinka riguna ba iyaka, sai dai wadda ta fi zauna mini a rai ba ni na ɗinka ta ba. Ta wani mai haƙar zinari ce, sunansa Isuhu. Mahaifinsa ya taso tun daga gabas mai nisa yana cigiyarsa, ya ga rigar a jikin ɗan wasanmu a tsakiyar kasuwa, kuma a kaina ya faɗo in gaya masa inda ɗansa yake. Amma sai kun fara sanin yadda rigar ta zo hannuna.

Wurin Baffana na koyi aiki, mutum ne mai zafin hannu. Na daɗe a rumfarsa ban taka keke ba. Aikina hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, kalmasa da allura, sai kuma warware ɗinkin da ya karkace. Yakan ce wanda bai iya warwara ba bai san yadda aka haɗa ba. A lokacin ina ganin mugunta ce kawai. Daga baya na gane warwara ce ta koya mini karanta riga, in san inda ta fara gajiya da abin da mai ita yake yi da jikinsa. Kayan aikina har yau su ne na ranar da ya sallame ni: keke mai ƙafa, almakashi, alli, tef ɗin awo, da gwangwanin allurai.

Aikin farko da na yi wa 'yan wasa babbar riga ce ta attajiri. Bawa ne ya kawo shi, shugaban ƙungiyar, tsohon makaɗi da murya ta ƙi masa, ya koma shirya wasa. Ba shi da kuɗin shadda, abin da ya kawo tsohon labule ne mai ƙyalli. Na yanka shi a kan faɗin babbar riga, na yi masa aiki a gaba da zare mai araha, bayan kuwa ban taɓa ba tunda ba mai gani. Na jiƙa shi da sitaci, na kai mabuga suka buge shi har ya riƙa ƙara in an motsa. Da Ɗan Ige ya sa, shi ne mai fitowa a attajiri, ya naɗa hannun rigar a kafaɗa ya yi gyaran murya, ni da na san labule ne sai da na ji kamar in tashi in ba shi kujera. Rigar mai kuɗi ba ta da wuya. Sitaci, ƙyalli, da ɗan turare don na sahun gaba su ji, shi ke nan.

Da wannan nasara a kaina Bawa ya ce in yi ta talaka. Na yi daidai abin da saurayin nan ya so in yi masa. Na ɗinka taguwa, na bi ta da reza, na murza ta a ƙasa, na kai ina jiran yabo. Bawa ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Tela, mi an nan? Wagga rigar mahaukaci ta. Ka taɓa ganin talakan da yab bar rigatai a yage, shina da allura gida?"

Ya yi gaskiya. Talaka ba ya yawo da yaga, maho yake yi, ya yi maho a kan maho. Rigarsa tana koɗewa a kafaɗa inda rana ke duka, wuyan ya yi laushi saboda gumi da wanki, aljihun ya saki ta gefen hannun da yake aiki da shi. Tsabtarta ma wani lokaci ta fi ta mai kuɗi, domin ita kaɗai gare shi. Wannan ba a yin sa da reza, shekaru ke yin sa. Saboda haka dokar Bawa ita ce rigar talaka ba a ɗinka ta, musaya ake yi. A nemi mai ita, a ɗinka masa sabuwa, a karɓi tasa. Kuma akwai sharaɗi, wanda ya maimaita mini har na haddace.

"Ba a amsar rigar mutum sai an ci da shi ƙwarya guda. Ka tambayi sunanai, da sunan ubanai, da garinsu. Rigar da ba ka san mai ita ba, tsumma ta."

Dalilinsa na aiki ne. In na dawo da riga sai in zauna da Nomau, mai fitowa a talaka, in gaya masa yadda mutumin ke zama, yadda yake karɓar ludayi, inda yake kallo in yana magana.

Muna da wasanni da yawa, amma wanda ke cika mana fage shi ne na baƙi biyu. Muka kai shi Anka, muka kai shi Bukkuyum ranar kasuwa, muka sha ƙurar hanyar Nasarawa Burkullu a bayan a-kori-kura, kekena ɗaure da igiya. Labarin ba shi da tsawo. Baƙi biyu sun shigo gari rana ɗaya. Na farko ya shigo da magana, yana tambayar wa ke da gari. Yana da suna, da sunan gidansu, da jawabi mai tsawo. A shimfiɗa masa darduma, a yanka kaza. Na biyu ya tsaya daga bakin zaure, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya yi sallama ba a amsa ba sai ya sake. Ba shi da suna a wasan, Baƙo kawai ake ce masa, kuma maganarsa duka ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. A ƙarshe mai babbar riga ya tabbata ɗan damfara. Shi kuwa Baƙo sai ya kama wuyan tsohuwar rigarsa ya tuɓe ta ya jefar, sai ga farar shadda a ciki, ashe ɗan wani babban attajiri ne ya zo gwada halin mutane. Nan fage ke ɓarkewa da sowa.

Wannan tuɓewa ita ce gwanintata. Rigar ciki dole ta zama marar kauri, a naɗe ta a kama da zare mai saurin tsinkewa, don kada ta leƙo kafin lokaci. Na yi shekaru ina alfahari da ita, ban taɓa tsayawa na tambayi abin da muke gaya wa mutane ba. Manoma ne ke kallonmu, da makiyaya, da 'yan dako, kuma abin da suke tafa wa shi ne talakan nan ashe ba talaka ba ne. Da a ce ya tashi a yadda ya zo, mutumin kirki mai riga ɗaya, ban san ko akwai mai jefa mana ko sisi ba.

Sai zamanin zinari ya zo. Ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum suka cika da baƙi, kowa da irin harshensa. A lokacin ne tsohuwar rigar Baƙo ta gama mutuwa, har maho ya rasa inda zai kama. Muna wani ƙauyen haƙo a ƙasar Anka, Bawa ya ce in zaga in nemo wata. Na bi ta bakin ramuka da wurin injin niƙa, ko'ina jan ƙura. A can na ga baƙi irin na wasanmu, amma na gaske. Ga wani mai sayen zinari zaune a rumfa da sikelinsa, kowa ya san sunansa, daga gidan mai unguwa ake kai masa abinci. Ga kuma leburori birjik suna kwana a bukkar leda, ana kiran kowa da sunan yankin da ya fito.

Cikinsu na hangi wani saurayi yana fasa dutse da guduma. Rigar na fara gani kafin shi. Jamfa ce mai kauri, da can shuɗiya ce, yanzu ta koma launin toka. Ta yi masa yawa a kafaɗa. A kafaɗar hagu akwai maho na ƙyallen atamfa mai ja, an ɗinka shi da baƙin zare riɓi biyu, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran masara. Duk tela ya gani ya san hannun mace ne, kuma wadda ba ta yi shi da gaggawa ba. Na sayi fura da nono wurin wata Bafillatana, na kira shi gindin wata bishiya. Abokan aikinsa Ɗan Gabas suke ce masa. Da na tambayi sunansa na yanka sai ya faɗe shi a hankali, kamar wanda ya daɗe bai faɗa ba.

"Isuhu. Isuhu ɗan Ilu. Garinmu can gabas da Gumel, ƙauye ne, ba za ka san shi ba."

Muka sha fura muna miƙa wa juna ludayi. Da hannu biyu yake karɓa. Ya ce damina ta ƙi musu, shi ya sa ya fito, so yake ya tara abin sayen shanun huɗa ya koma. Da na kawo maganar riga sai ya dafa mahon nan.

"Ai ba tawa ba ce. Ta Baba ce, ya cire ya ba ni ranar da zan taho. Wannan kuma Inna ce ta ɗinka."

Na ce to a bar maganar, ba dole. Ya tambaye ni irin wadda zan ɗinka masa. Na ce irin wadda yake so, a kan awonsa. Sai ya yi dariya, ya ce shi tunda yake ba a taɓa auna shi ba, kullum ta wani yake gada. Na ciro tef. Ya miƙe ya sandare kamar soja, yana ƙoƙarin danne dariya da tef ya bi ta hammatarsa. Yadi ruwan sararin sama ya zaɓa, ya ce a yi masa aljihu mai zurfi. Na yi mata shafi a wuya, na sa maɓalli masu kyau, na goge ta sosai. Da ya karɓa ya ce ranar Juma'a kaɗai zai riƙa sa ta, sai kuma ranar komawa gida. Ya ce in ya koma zai gaya wa Baba rigarsa ta shiga wasa, ta zaga garuruwan da shi bai taɓa zuwa ba. Kafin mu bar ƙauyen na gan shi da ita a masallacin Juma'a, yana tafiya a hankali don kada ƙura ta taɓa ta.

Tsohuwar rigar da ya ba ni ta ɗaga wasanmu. In Nomau ya sa ta ya tsaya bakin zaure, mata kan yi shiru.

Daga nan muka shiga muguwar shekara, shekarar gubar dalma. Wanda ya gani ba ya son tunawa. Ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje ta riƙa kashe ƙananan yara, gida bayan gida. Ba mai biki, ba mai neman dariya. Aikin da ya rage mana shi ne wasan faɗakarwa, mu shiga ƙauye mu nuna kada a niƙa dutse a tsakar gida, kada a shiga da kayan aiki wurin yara. Ita kanta rigar sai da na wanke ta na sake wankewa, tsoron abin da ke cikin zarenta. Mun yi wasa a gaban iyayen da suka binne 'ya'ya da safe. Ban taɓa jin nauyin sana'ata kamar lokacin ba.

A irin wannan yawo ne muka koma ƙauyen su Isuhu. Mun iso da hantsi muka tarar da mutane sun taru, rami ya rufta. An ciro mutum uku. Biyu 'yan gari ne, danginsu sun ɗauke su. Na uku yana kwance a kan tabarma a ƙofar masallaci, an rufe shi da buhu, liman yana tambaya.

"Wa yas san shi? Wa yas san sunanai?"

Aka ce Ɗan Gabas. Liman ya ce wannan ba suna ba ne. Na matsa na ɗaga buhun, na mayar. Na ce sunansa Isuhu ɗan Ilu. Ni na ɗinka likkafaninsa, ban nemi tef ba don awonsa yana kaina. Ni da Bawa da Nomau da Ɗan Ige muka shiga sahu tare da abokan aikinsa, aka yi masa salla. A cikin buhun kayansa aka sami sabuwar rigar a ninke, ba komai a aljihun. Liman ya ce tunda ni na san shi in riƙe ta amana. Na ba wani lebura da ya ce shi ɗan wajen su Isuhu ne saƙo ya kai gidansu. Ashe saƙon bai taɓa isa ba.

Muka ci gaba da wasa da tsohuwar rigar. Nomau ya ce jikinsa na yin sanyi in ya sa ta, amma ba mu da wata, kuma da ita muke cin abinci.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wata ranar kasuwar Gummi muna wasan baƙi biyu, na lura da wani dattijo a sahun gaba, siriri, da sanda da ƙullin kaya a hammata. Kowa na dariyar Ɗan Ige, shi idonsa na kan Nomau. Da aka zo wurin tuɓewa, Nomau ya cire rigar ya jefar, farar shadda ta bayyana, fage ya ɗauki sowa. Aikina ne in ruga in ɗauke rigar kafin a tattake ta. Kafin in kai, dattijon ya shiga fage ya ɗauke ta, ya kakkaɓe ta, ya rungume. Mutane suka ƙara dariya, sun zaci cikin wasan ne.

Na ja shi zuwa rumfata. Tun daga gaisuwarsa na ji harshen gabas. Ya shimfiɗa rigar a cinyarsa ya ɗora yatsa a kan mahon.

"Wannan rigata ce. Wannan ɗinkin matata ne. Sunana Ilu, ɗana nake nema."

Ya sayar da akuyarsa ya hau mota. Ya bi Anka, ya bi Bukkuyum, ƙauye ƙauye yana tambayar Isuhu, ba wanda ya san mai wannan suna. A tasha yake kwana. Mu da muke wasa kullum a kan karɓar baƙo, ga shi a garinmu ba wanda ya ce masa shigo. Amma abin da ya karya mini zuciya shi ne fuskarsa, domin murna ce a cikinta.

"Na ga abin da kuka nuna. Labarinsa ne, ko? Ya samu ke nan, ya cire wannan ya sa mai kyau. Ni ban ce ya ba ni komai ba. In kunya yake ji don ya daɗe bai aiko ba, ku ce masa ba komai. Innarsa ce kawai take son ta san yana nan."

Na ce bari in kawo masa ruwa, na zaga bayan rumfa. Ɗan Ige ya biyo ni, babbar rigar labule har yanzu a jikinsa, idonsa ya yi ja.

"Tela, ji nan. Dattijon ga ƙarfinai ya ƙare. Ka ce mai ɗanai ya samu, ya yi kudu da kuɗɗinai. Shi koma gida da daɗin rai. Mu da kullum muna shirya ma mutane ƙarshe mai daɗi, shi ɗai za mu hana?"

Ba mugunta ta sa ya faɗi haka ba, tausayi ne, kuma ni ma zuciyata ta karkata can. Labarin a shirye yake, dattijon ma shi ya kawo shi da kansa, kai kawai zan gyaɗa. Na dubi Bawa ko zai yanke mana. Yana zaune a kan turmi yana kallon ƙasa.

"Kai kac ci da Isuhu ƙwarya guda. Maganag ga taka ta."

Abin da ya tsayar da ni tunanin tsohuwar nan ce mai baƙin zare. In na yi ƙarya, za ta zauna sauran kwanakinta tana sauraren ƙarar mota, tana cewa ɗanta ya yi arziki ya manta da ita. In ba su farin ciki na kwana biyu, in mayar da Isuhu ɗan da ya watsar da iyayensa. Yaron da ya dafa mahon nan kafin ya yarda ya ba ni riga bai cancanci haka daga gare ni ba.

Na aika aka sayo fura. Na zauna da dattijon a tabarma, muka sha, na bari sai da ya ƙoshi, don na ga alama ya kwana biyu bai ci abin kirki ba. Shi ma da hannu biyu yake karɓar ludayi. Sannan na ce, Baba, wasan da ka gani ƙirƙira ce, ba labarin Isuhu ba ne. Isuhu ya riga mu gidan gaskiya, rami ne ya rufta da shi, ina wurin aka binne shi.

Ya ajiye ludayin a hankali. Ya yi salati, ya sake yi. Bai yi kuka ba a lokacin. Da ya sami magana, tambayoyinsa gajeru ne. An yi masa wanka? Na ce an yi. An yi masa salla? Na ce an yi, da liman da sahu. Sannan ya ce, da wane suna? Na ce da sunansa, Isuhu ɗan Ilu. A nan ne hawaye suka zubo masa, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

A gidana ya kwana. Washegari muka hau mota zuwa Anka, daga nan muka ɗauki kabu-kabu, ko da yake hanyar ta fara lalacewa da 'yan bindiga, masu babur ba sa son bin ta. Maƙabartar ta cika da ƙananan kaburbura na yaran shekarar nan. Na Isuhu yana gefe, na gane shi da wani jan dutse da Nomau ya kafa. Dattijon ya durƙusa ya cire ciyawar da ta fito da hannunsa, ya daɗe yana addu'a. Da ya tashi ya tsaya yana kallon ramukan haƙo daga nesa, sannan ya juyo gare ni.

"Wannan wasan naku. A ƙarshe sai mutumin ya zama ɗan wani babba sannan ake tafa masa. To Isuhu ba ɗan wani babba ba ne a ɓoye. Ɗana ne. Yadda ka gan shi haka yake."

Na kai wa Bawa wannan magana. Muka gwada canza ƙarshen wasan, Baƙo ya yi wa gari alheri ya tafi da rigar da ya zo da ita. Mutane suka tsaya suna jiran tuɓewa, da ba ta zo ba suka watse suna gunaguni. Muka dage da shi haka, abin da muke samu ya ragu. Ba a daɗe ba hanyoyi suka rufe, yawon kasuwanni ya gagara, Bawa ya rasu, ƙungiya ta watse. Yanzu kayan makaranta nake ɗinki. Ku da kuke da waya kuna kaiwa inda a-kori-kurarmu ba ta taɓa kaiwa ba, amma har yau in na leƙa abin da kuke yi, mai kuɗi ne ke da suna, talaka kuwa a yage yake, ana yi masa dariya.

Ranar da dattijon zai koma na raka shi tasha. Na buɗe akwati na ciro amanar da liman ya ba ni, na haɗa masa da tsohuwar. Tsohuwar ya warware ya zura a kan wadda ke jikinsa, ta zauna masa daidai a kafaɗa. Sabuwar kuwa ya buɗe ta ya ɗaga, ya daɗe yana dubawa. Ya sa hannu cikin aljihun har wuyan hannu. Na gaya masa a kan awon Isuhu aka yanka ta, shi ya zaɓi launin da kansa.

"Ya samu ya sa ta kuwa?"

"Ya sa ta, Baba. Na gan shi da ita ran Juma'a."

Ya ninke ta a kan ninkin da Isuhu ya yi mata, ya sa a ƙullinsa. Kwandasta yana ta kiran fasinja. Ya ɗora ƙafa ɗaya a mota, sai ya juyo.

"Innarsa za ta tambaye ni ko ta yi masa kyau."

"Ka ce mata ta yi mai kyau ƙwarai."

Ya gyaɗa kai ya shiga, ya zauna ta taga da ƙullin a ƙirjinsa. Na tsaya ina kallon jan mahon nan a kafaɗarsa har motar ta fita daga tasha.